Tsohuwa mai famfo ko sabuwa mai ƙwaƙwalwa: da wacce za ku shiga hamadar Tenere?

Mai Sola Maraɗi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ƙafarsa ta taɓa taka hanyar shi ya fara magana. Na samu aikin haɗa famfunan ruwa masu aiki da hasken rana a garaken dabino na Dirku da Bilma. Zan riƙa zuwa kamar sau huɗu a shekara, ni da yara biyu. Manyan kaya babbar mota za ta kai, mu ƙarama muke so da za ta ɗauke mu da kayan aikinmu. Motoci biyu ke gabana. Ta farko Land Cruiser 79 ce mai injin 1HZ, ta haura shekara ashirin, mitarta ta ce kilomita 380,000, amma kun san mita ba ta rantsuwa. Ta biyu Hilux ce mai injin gazuwal (wato dizal) 2.8, giya otomatik, shekararta huɗu, daga Turai ta shigo. Kuɗinsu ya kusa zama ɗaya, abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Uwargida ta ce sabuwa, bakanikena ya ce tsohuwa, kuma duka biyun ba wanda ya taɓa wuce Tanut.

Tsohon Shofer Agadas:
Wa alaikumus salam. Ɗana, shekara ashirin da shida na yi ina kai da komo tsakanin Agadas da Kawar, yankin su Dirku da Bilma, tun ina yaron mota a kan manyan Mercedes ɗin nan da ake lafta wa kaya har ba a ganin gilashi. Lokacin mukan yi mako guda kafin mu hango dabinon Dirku, wani zubin ma fiye. Ɗauki 79. Injin nan silinda shida ne, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta, tun 1990 ake ƙera shi. Duk wutar da yake buƙata don ya ci gaba da juyawa ita ce ta wata 'yar waya guda mai buɗe mai a jikin famfo. Ko batir ya mutu murus, ka kwance wurin, ka zare ɗan ƙarfen da ke ciki, a tura ka daga kan tudu, ka kama hanya. In ka isa za ka kashe ta, ka sa giya ka taka burki ka saki kulochi ta shaƙe. Da hannuna na yi wannan, ba labari aka ba ni ba. Ka ce wa mai sayar da sabuwar ya nuna maka wayar da za ka cire a tasa.

Injiniyan Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa a kan 1HZ haka yake, ba mai ja. Sai dai motar da kuke tunawa sabuwa ce a lokacin da kuke tuƙa ta. Wadda ake yi wa Malam Mai Sola talla ta ci shekara ashirin a hannun mutanen da bai sani ba. Robobin ruwa sun bushe, lagireto ya cika da tsatsa, famfon ruwa wa ya san ranar da aka sa shi. Kuma injin nan da bel yake juya sandar bawul, ba da sarƙa ba, bel ɗin kuwa yana da wa'adi, makanikai kan ce a canza shi duk kilomita 100,000. In ya tsinke ana cikin gudu, fistin ya daki bawul, to babu 'yar wayar da za a cire a tsira. A 1982 ɗan firaministar Ingila Margaret Thatcher ya ɓace kwana shida a hamadar Aljeriya lokacin tseren Faris zuwa Dakar. Peugeot 504 yake ciki, motar da ba ta san kwamfuta ba ko a mafarki. Aksul ɗin baya ne ya lalace. Ƙarfe ma yana gajiya.

Ɗan Tasha:
Shi da uwarsa ke mulkin Ingila aka tashi jiragen sama nemansa. Malam Mai Sola, kai wa ke mulki a danginku? 😂

Mai Sola Maraɗi:
Mai unguwa ne mafi girma, kuma ko keke ba shi da shi.

Mai Garejin Agadas:
Bari in faɗi abin da nake gani a bakin garejina, don ni ba na tafiya, abin da hanya ta tofar nake karɓa. Tsofaffin sun fi zuwa, wannan gaskiya ne. Amma mafi yawansu da ƙafarsu suke shigowa, an ɗaure sifirin da waya, an toshe lagireto da sabulu, an miƙa tiyo daga jarka a kan rufi kai tsaye zuwa famfo. Sababbin ba su cika yin pan ba, wato lalacewa, wata sai ta yi shekara uku ban ga cikinta ba sai canjin mai. Amma ranar da ta zo, a bayan babbar mota take zuwa.

Dalilin a gazuwal yake. Tsohon nozul yana buɗewa da matsin da bai kai bar 200 ba. Sabon tsarin da kwamfuta ke sarrafawa yana tara mai a bututu guda da matsin bar 2,000 ko fiye, ramukan nozul ɗinsa kuma sun fi gashin kai siranta ko sun yi kusa. Gazuwal ɗin shi ne kuma man da ke shafe cikin famfon. To ka tuna daga Agadas zuwa Dirku sama da kilomita 600 ne ba gidan mai, a can kuma daga duro ake auna maka. Duron nan wa ya san abin da ya kwana a gindinsa? Ruwa, tsatsa, ƙura, wani ma an sirka da kananzir. Tsohuwa za ta sha ta yi tari ta yi hayaƙi ta wuce. Sabuwa ruwa kaɗan ya isa ya goge cikin famfo, garin ƙarfe ya bi bututu ya shiga nozul huɗu duka. Wannan ba aikin ƙarƙashin inuwar mota ba ne, ko a nan garin sai an aiko da piyas, wato kayan gyara, daga nesa.

Injiniyan Kaduna:
Oga, to ai wannan yana da riga-kafi. A ƙara filta ta biyu mai raba ruwa da mai kafin ta kamfani, a tafi da filtoci na canji, a riƙa tace mai da mazurari mai raga tun kafin ya shiga tanki. In an sayi duro a bar shi ya kwana ya kwanta, kada a zuƙe har gindi.

Mai Garejin Agadas:
Haka ne, kuma duk wanda na sa wa ita ya ji daɗinta. Amma mutum nawa ne ke barin duro ya kwana alhali ayari na shirin tashi?

Rewayan Damagaram:
Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake maganar kwamfutar mota kamar aljana. Ƙwaƙwalwar kanta da wuya ta mutu, in ba an juya kan batir ba ko mai walda ya yi aiki bai cire shi ba. Abin da ke kwantar da mota ƙananan abubuwa ne. Sensar da ke ƙirga juyin inji ta mutu, ko wayarta ta goge a jikin ƙarfe saboda girgiza, mota ta ƙi tashi. Ƙura ta wuce filtar iska ta zauna a kan sensar auna iska, kwamfuta ta ruɗe, ta rage ƙarfin inji don ta kare shi. A kwalta wannan ba komai ba ne, ka lallaɓa zuwa gari. A gindin tudun rairayi kuwa mota mai rabin ƙarfi da matacciya duk ɗaya ne. Amma duk waɗannan motar da bakinta take faɗa. Akwai wata kafa mai ramuka 16 ƙarƙashin sitiyari, ka soka valiz, yanzu ma akwai ƙarama kamar akwatin ashana da ke haɗuwa da wayar hannu. Ta ce P0335, ka san sensar juyin inji ce. Ta ce P0087, matsin mai ya yi ƙasa, ka fara da filta. Sensar nan tana shiga aljihun riga. Direban da zai ɗauki sifirin mai nauyin buhu ya kasa ɗaukar sensa biyu da fis da rile, laifin wa?

Tsohon Shofer Agadas:
Ni baliz ɗin da na sani ƙarfe ne a tsaye cikin rairayi mai nuna hanya, tun waɗanda turawan kamfanin motoci na Berliet suka kafa da suka ratsa Tenere a 1959 da 1960. Yanzu kuma an ce a ɗauki baliz a sa a aljihu. Allah ya kyauta.

Rewayan Damagaram:
Baba, valiz na ce, ba baliz ba 😄 Na'urar karanta ciwon mota.

Tsohon Shofer Agadas:
Na gane, yaro, tsokanarka nake. Amma amsa mini. In ta gaya maka ciwon, kai kuma ba ka da maganin a aljihun, ribar me ka ci? Ka dai san sunan abin da ya zaunar da kai. Tsohuwa ko ba ta faɗi ciwonta ba, abu uku ne: iska, mai, matsi. Kana bin su ɗaya bayan ɗaya da sifana da bakinka. Ita kuma otomatik ɗin nan, in kik ya ƙi, ko mutum goma suka taru ba ta tashi da turi.

Direban Asibiti:
Salam. Tunda Malam Mai Sola ya ce daga Turai ta shigo, bari in ba da nawa labarin, ba zan kama sunan kamfanin motar ba. An ba asibitinmu gudunmawar wata sabuwar mota ƙirar Turai, mai ɗan tanki na daban da ake zuba wa ruwan AdBlue. Ga wanda bai sani ba, ruwa ne da sinadarin yuriya da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, dokar can ce ta tilasta. An tsara motar yadda in ruwan ya ƙare, ko ta ga kamar tsarin ba ya aiki, za ta fara ƙirga maka kilomita, in ƙirgen ya ƙare ka kashe ta to ba ta sake tashi. Ruwan kuma ba ya son zafi, ajiyarsa a wuri mai sanyi ake so, mu ko jarkarmu a bayan mota take cikin rana ta bazara.

Muna dawowa daga gabas da mace mai naƙuda da ta gagara, sai rubutu ya fito a gaban mota da ƙirge. Tanki cike yake, na duba. Ban san me ya toshe ba. Ƙirgen ya ƙare saura tafiyar yini guda. Abin da na yi, ban kashe injin ba. Mun yi zango, mun yi salla, mun ƙara mai daga jarka, mun kwana sa'o'i uku, duk tana kunne. Na ɗaure makullin da tsumma don kada hannu ya kai bisa kuskure. Da muka isa ƙofar asibiti aka sauke matar, na kashe, ba ta sake tashi ba sai bayan wata biyu da aka turo mai kwamfuta daga Yamai. Injinta lafiyarsa ƙalau, ko ɗigon mai ba ya zubarwa. Umarni kawai aka rubuta mata.

Hajiyar Kawar:
Matar fa, ta sauka lafiya?

Direban Asibiti:
Alhamdu lillahi Hajiya, aiki aka yi mata, ita da yaron suna nan.

Injiniyan Kaduna:
Masha Allah. To wannan ita ce maganar da ya kamata mu fara da ita. Sunan mota ɗaya ne amma ƙira iri-iri ce. Wadda aka yi wa kasuwar Turai tana ɗauke da matatar toka a salansa, wato DPF, sau da yawa har da AdBlue, kuma an yi ta ne don gazuwal mai sulfa kashi 10 cikin miliyan. Ƙasashen yammacin Afirka a 2020 suka amince su sauko zuwa kashi 50, shi ma a takarda, balle man duro da ba wanda ya auna. Wadda aka ƙera wa kasuwarmu ko ta ƙasashen Larabawa galibi ba ta da wannan tarkacen. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji irin su ƙungiyar likitoci ta MSF suka daɗe suna sayen Land Cruiser 78 da 79 sababbi fil amma da tsohon injin 1HZ. Matatar nan ko a inda man ke da tsabta ta ba da wahala. A Ostireliya, ƙasar da ita ma take da hamada mai faɗi, kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa matatar da ke jikin Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin 2015 da 2020 tana da aibi, motoci sama da 260,000. Don haka Malam Mai Sola, ka leƙa wurin zuba mai. In ka ga ɗan murfi shuɗi kusa da na gazuwal, ko a ƙarƙashin bonet, to ni na janye goyon bayana daga wannan motar, ba daga sababbin motoci duka ba.

Mai Sola Maraɗi:
Na kira dillalin yanzu. Ya ce akwai shuɗin murfi, amma wai akwai yaron da ke cire tsarin gaba ɗaya da kwamfuta.

Rewayan Damagaram:
Ana yi. Amma ya danganta da hannun da ya yi. Wani ya cire matatar ya bar ƙwaƙwalwa tana nemanta, sai ta yi ta ƙara mai don ta ƙona tokar da babu, man ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ni dai ba zan gwada aikin yaron da ban sani ba a tsakiyar Tenere. A yi wata shida ana yawo da ita tsakanin Maraɗi da Tasawa tukuna.

Ɗan Jado:
Ku duka kuna ta gazuwal gazuwal kamar ita kaɗai ce mai. Wanda ya je Jado da aka samu zinariya a 2014, ko Cibarakaten, ya faɗi gaskiya, me ya cika hanya? Hilux mai isansi (wato fetur) 2.7 da Land Cruiser V6 mai lita 4. Duka biyun suna da kwamfuta, suna da sensa, kuma su ne ke yin Agadas zuwa iyakar Libiya cikin kwana biyu ko uku, tafiyar da manyan motocin su Baba ke share mako biyu a kai. Dalili, nozul ɗin isansi a waɗannan injuna da bar 3 ko 4 yake aiki, ba 2,000 ba. Datti ya shiga, ka cire ka wanke. Ba turbo, ba matatar toka, ba shuɗin murfi. Ga ƙarfin hawa tudu, wanda 1HZ ba ta da shi, doki 130 ne kawai a motar da ta haura tan biyu ba kaya. Aibinta uku: tana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, famfonta yana cikin tanki kuma yana ƙonewa in ka saba barin tanki ya yi ƙasa, sannan isansi a jarka cikin zafin nan abin tsoro ne, ba a kunna sigari kusa. Ka ɗauki famfo na biyu ka gama.

Tsohon Shofer Agadas:
Gudun naku ne ke kashe ku. Kilomita 120 a kan rairayi da mutum ashirin da biyar a baya sun rataya ƙafa, taya ta fashe, shi ke nan.

Ɗan Jado:
Baba gudun nan wani lokaci shi ne ke raba mutum da 'yan fashi. Tsohuwarku ko ɗan fashi a kan jaki sai ya cim mata.

Ɗan Tasha:
Ai tun 1987 aka gama wannan gardama. Sojojin Cadi da motocin a-kori-kura na Toyota suka fatattaki tankokin yaƙin Gaddafi a Fada da Wadi Dum, har turawa suka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Wa ya ji an ce sun tsaya neman sensa?

Ɗan Abzin:
Mu dai ayarinmu na gishiri har gobe yana tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma da kaka, ya dawo da kantu da dabino, ba a taɓa jin amale ya nuna jar wuta ba. Kuma ku masu mota ku ne kuka kashe mana itacen Tenere a 1973. Itace ɗaya tak a fili mai faɗin ɗaruruwan kilomita, direba ya rasa abin da zai kara wa mota sai shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi a Yamai, a wurin kuma an kafa na ƙarfe.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Mutum kuɗinsa zai kashe, kuma ransa zai ɗora a kai. Zancen yaƙi da raƙuma a buɗe masa wani zaren.

Na Ƙofar Ruwa:
Ni mai sayar da kayan gyara ne a Kano, kuma zan faɗi abin da zai ɓata wa abokan sana'ata rai. Masu cewa tsohuwa kayanta na ko'ina, gaskiya ne, amma wane irin kaya? Saboda motar ta yi farin jini, ita aka fi yi wa jabu. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, har da ɗan hoton nan mai ƙyalli. Bel ɗin inji, famfon ruwa, filtar mai, boris na taya, duk akwai mai daraja uku, kuma mai saye ya fi son na ƙasa. Ni kaina wani babban dila ya taɓa haɗa ni da katan na bel da na rantse na asali ne, sai da wani direba ya dawo mini da shi a tsinke bayan wata biyu. Sa'arsa a kwalta ne. Wanda zai sayi tsohuwa don hamada ya ware kuɗi kamar sulusin kuɗin motar, ya sabunta duk abin da ke riƙe ruwa da duk abin da ke juyawa, daga hannun wanda zai iya komawa ya kama. In ba zai yi haka ba, to ba 1HZ ya saya ba, sunanta ya saya.

Mai Garejin Agadas:
Alhaji ka faɗi gaskiya ko da a kanka. In ƙara da taya, don ita ce ta fi kowace sensa zaunar da mutane. Sababbin nan na 'yan gayu suna zuwa da rim 18 ko 20, roba 'yar siririya. A rairayi mai laushi dole ka sauke iska zuwa bar ɗaya ko ƙasa don taya ta baje, siririyar ba ta da cikin da za ta baje, sai ta fita daga rim ko dutse ya yanka gefenta. A mayar da ita rim 16 ko 17 in burki ya bari. Safaya biyu, abin hura iska mai kyau, da faranti na ƙarfe na fita daga kafewa. Kuma akwai maɓallin da ke kashe na'urar hana taya sulɓi, a nemo shi tun a gida, don in tana kunne tana yanke maka wuta daidai lokacin da kake tsakiyar hawa. Otomatik kuwa kada a zage ta duka. A rairayi ta fi daɗi, ba ta yanke ƙarfi wajen canjin giya, ba kulochin da sabon direba zai ƙona. Man giyarta ne ke zafi, sai a sa ƙaramar giya a rage lodi.

Hajiyar Kawar:
Ku maza kun cika zancen ƙarfe. Ni fasinja ce, shekara goma sha biyar ina sarin dabino daga Dirku, na shiga tsohuwa na shiga sabuwa, kowacce ta taɓa zaunar da ni. Ba na tambayar direba shekarar motarsa. Ina tambayarsa mota nawa za mu tashi tare, ina ƙirga jarkokin ruwa da idona, ina so in ga Thuraya, wayar tauraron ɗan adam, a hannunsa da caji, in kuma ji wa ya sanar a Dirku cewa muna tafe. In ya ce shi kaɗai zai bi wata gajeriyar hanya, sai in sauke kayana.

Ku tuna 2013. Motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat, ɗaya ta lalace, ɗayar ta juya neman kayan gyara ita ma ta lalace. Gawa 92 aka tsinta kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, mafi yawansu mutanenmu ne na wajen Kance. A 2017 kuma mutum 44 tsakanin Agadas da Dirku, yawanci 'yan Gana da Najeriya, su ma mota ce ta tsaya. Bayan dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingen sojoji, inda in ka tsaya ba mai wucewa. An soke dokar a ƙarshen 2023, amma wasu sun riga sun saba da bin bayan gari. A kan babbar hanya in ka lalace kusa da rijiyar Ashegur, wahala ce za ka sha, wani zai zo. Kilomita hamsin gefe kuwa, ko motarka jiya ta fito daga kamfani, kai da jarkarka ne. A watan Mayu zafin Bilma yana haura 45, lita biyar a yini ba ta isar mutum ko yana kwance a inuwa.

Tsohon Shofer Agadas:
Hajiya ta gama magana. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu da muka koyi hanya wurin madugai, abin da aka fara koya mana ke nan: in mota ta tsaya ba a barinta a tafi da ƙafa, a shimfiɗa tamfol a yi inuwa, aiki sai da sanyin safiya da dare, da rana a kwanta. In an ga ƙura daga nesa a ƙona tsohuwar taya. Kuma salka biyu a rataye a gefen mota ban da jarkoki, ruwanta ya fi sanyi, ba ta fashewa in mota ta yi tsalle.

Injiniyan Kaduna:
Amin. Amma Baba har yanzu ba ku amsa zancen shekaru ba. Nan da shekara goma 1HZ mai lafiya za ta zama kamar neman allura a rairayin Tenere. Ita kanta 79 ɗin tun 2007 aka fara sa mata V8 mai kwamfuta a wasu ƙasashe, wanda kik ɗinsa ke can tsakiyar inji ƙarƙashin bututan iska, sai an yi rabin yini ana kwance-kwance kafin a kai gare shi. A 2023 kuma aka sa mata wannan 2.8 ɗin da otomatik. Ko mun so ko mun ƙi, yaran garejin Agadas sai sun koyi valiz.

Tsohon Shofer Agadas:
Su koya mana, ban hana ba. Jikana ma yana koyo. Ni dai na ce wa mai tambaya abin da zai kai shi bana.

Mai Sola Maraɗi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai shuɗin murfi dai na haƙura da ita, dillali yana ta kira ban ɗauka ba. Saura 79 ɗin da kuma shawarar Ɗan Jado ta mai isansi, wadda ban taɓa kawowa a raina ba. Oga mai gareji, in na kawo tsohuwar Agadas za ka auna mini matsin silinda ka duba kan injin kafin in biya? Mai ita ya yarda a je da ita in na sa mai. Tafiyar farko kuma ina ganin a motar wani zan shiga, in ga hanyar da idona.

Mai Garejin Agadas:
Kawo ta. Ka zo da ita da zafinta kai tsaye daga hanya, kada a wanke injin, ina so in ga inda take zubarwa. Ka ce wa mai ita kada ya canza baƙin mai kafin ku taso.

Ɗan Jado:
In za ka duba mai isansi, nemi wadda takardunta suka cika. Da yawa daga arewa suke shigowa ba kwastan, a shingen farko za a karɓe.

Hajiyar Kawar:
Ayarin da sojoji ke rakiya ranar Litinin aka saba yana tashi, amma ka tambaya a tasha kafin ka taso don abubuwa na canzawa. Ina da tafiya bayan salla, in ka shirya akwai wuri a motar da nake bi, gaba kusa da direba sai ka ƙara kuɗi. Ka zo da rawani da bargo, daren can da sanyi, da jarka biyu taka ta kanka ka rubuta sunanka a jiki.

Rewayan Damagaram:
In ka biyo ta Damagaram tsaya in ba ka aron ƙaramar valiz, ka gwada a motar da za ku shiga.

Tsohon Shofer Agadas:
Motar da Hajiya ke bi ta ɗan ƙanena ce. Ba ta da ramin da za a soka ta.